Ranar da Na Je Jin Ihun Abba

Yau shekara da shekaru ke nan ana yawo da wata magana cikin dangi, wai Gwaggo Mariya ta shiga gidan rawa a Amurka. Na ji ta a bakin 'yan Maraɗi, na ji ta a bakin danginmu na Kano, har wata jikata da ba a ko haifa ba a lokacin ta zo tana tambayata ko da gaske na taka rawa da mayafi. Ban yi rawa ba. Faɗuwa na yi, kuma akwai bambanci. Tun da ni na je da ƙafata, bari in rubuta muku yadda aka yi, don in na kwanta dama kada kowa ya ƙara wa labarin gishiri.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni Greensboro ba. Zuwaira, 'yata ta uku, ita ta haihu, mijinta yana karatu a jami'a, suna zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Glenwood, inda ɗalibai ke ta zirga-zirga a kan kekuna. Ni kuwa na fi shekara talatin ina karɓar haihuwa a Maraɗi kafin in ajiye aiki, to ta yaya 'yata za ta yi jego a hannun baƙi? Na cika balis da gero da kanwa da daddawa na hau jirgi. Ba tukunyar wanka, ba murhu, ba ganye, sai ruwan zafin famfo da wani kwamin wanka fari. Na yi da abin da na samu, kuma Alhamdu lillahi Zuwaira ta murmure, jaririya tana ta ƙiba. Kwanakin nan suna cikin masu daɗi a rayuwata.

Ƙanena Sani ya daɗe a garin kafin su. Kowa Alhaji yake ce masa, ni dai Sani na sani, don ni na goya shi. Sana'arsa sayen tsofaffin motoci yana aikawa Kwatano, Allah kuma ya sa masa albarka, ya sayi gida a Pleasant Garden, can kudu da gari. Gida ne babba, ciyawa gaba da baya, maƙwabci kuwa ko ka ƙwala masa kira ba zai ji ba, gishiri ma sai ka tada mota kafin ka sayo. Babban ɗansa sunan mahaifinmu aka sa masa, shi ya sa ba mai iya kiran sunan, Abba muke cewa. Ni na karɓi haihuwarsa. Ya fito shiru, jiki a sake, na share masa hanci, na yi ta murza bayansa ina kiran sunan Allah, uwarsa Rabi tana tambayata me ya faru ina ce mata ba komai, har ya tsala kuka. Ban taɓa jin kukan da ya yi mini daɗi kamar wannan ba. Da ya fara magana sai aka ga yana da in'ina, mai tsanani kuwa. Yana ɗan shekara bakwai suka tafi da shi, ban sake ganinsa ba sai wannan zuwan, yana da ashirin da ɗaya.

Sati na biyu da saukata Sani ya ɗauke ni zuwa gidansa cin abinci. Rabi ta yi tuwo da miyar kuka, ƙannen Abba suna ta amsa mini gaisuwa da Turanci, shi kuwa ban gan shi ba. Na tambayi inda yake. Sani ya wanke hannu, ya gyara zama.

“Yaya, zuwanki ya yi daidai,” ya ce. “Ina so ki zama shaida. Na ba yaron nan zuwa ƙarshen watan nan. Ko ya bar abin da yake yi, ko ya manta hanyar gidan nan.”

“Me yake yi? Sata?”

“Ihu yake yi.”

Na ce ya yi mini bayani, don ban san ihu ya zama laifin kora ba. Ashe Abba ya haɗa kai da wasu samari huɗu suna kiɗa, ya kama ɗaki tare da su kusa da jami'a, da rana yana aiki a shagon buga takardu, yana kuma zuwa aji. Wata Juma'a bayan an idar da salla wani mutumin Damagaram ya miƙa wa Sani takardar talla da aka liƙa a jikin sandar lantarki, ga hoton ɗansa baki buɗe, jijiyoyin wuya a waje, jama'a suna kallo. Sani ya ce da ƙasa ta tsage a lokacin da ya shige.

“Ka taɓa zuwa ka gani da idonka?” na tambaye shi.

“Ni? Allah ya kiyaye.”

“To ni ba na shaidar abin da ban gani ba. Shekara talatin ban taɓa fitowa na ce wa miji matarsa lafiya ba sai na duba da hannuna. Ba zan fara a kan ɗanka ba.”

Da na shiga kicin ajiye kwano, Rabi ta riƙo hannuna, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, “Yaya, kin san halinsa. In ya rufe ƙofar nan ba zai buɗe ba.” Na sani kuwa. Zuciyar mahaifinmu ya ɗauko, wanda ya yi shekara tara bai yi wa ƙanensa magana ba a kan iyakar gona, har ƙanen ya rasu. Na kwana da abin a raina, don na ga gidan Sani yana shirin tsagewa a gabana.

Kwana biyu bayan haka Abba ya zo gidan Zuwaira ganin jaririya, ɗauke da ƙunzugu na leda. Dogo, siriri, wando baƙi ya matse shi kamar an ɗinka a jikinsa, suma ta taru. Amma ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Hausarsa ta yi rauni, ga in'ina, kafin ya fitar da “Gwaggo” sai da ya runtse ido ya buga ƙafa. Na lura kafin ya gama jumla yakan dubi fuskar mutum, ya ga ko an gaji da shi. Na ce masa ina so in je in ji ihun nan da ake faɗa. Zuwaira ta yi dariya har ta riƙe ciki.

“Mama, kunnenki zai toshe. Ba irin kiɗan biki ba ne fa.”

“Ni da na tsufa a ɗakin naƙuda za ki tsorata da ihu?”

Na tambayi Abba sunan kiɗan, ya ce post-hardcore. Na sa ya maimaita sau uku, na haƙura, Zuwaira ce ta rubuta mini shi a bayan ambulan. Ya ce suna da wasa ranar Lahadi bayan azahar, a wani zaure da suke haya a cikin gari, kuma da rana ake yi don har 'yan sakandare suna zuwa. Na buga wa Sani waya na ce tun da shi ya naɗa ni shaida, shi zai kai ni. Ya yi ta gunaguni, a ƙarshe ya ce zai sauke ni a ƙofa, amma ƙafarsa ba za ta taka ciki ba, a mota zai jira.

Ranar na sa atamfata mai ruwan goro, na yafa babban mayafi, don in za a gan ni a wurin gara a gan ni da mutuncina. Wurin wani tsohon sito ne a bayan titin Elm, bango na jan bulo, ba ko taga ta kirki. Sani ya tsaya nesa, ya zuge gilashi, ya kau da kai. A bakin ƙofa wata yarinya Baturiya mai zobe a hanci ta kama hannuna ta zana mini alama da baƙin alƙalami. Na fizge hannun, na ce wa Abba wannan ba zai hana ni alwala ba? Ya ce zai wanku, kuma alamar ta waɗanda ba sa shan giya ce, kusan kowa a wurin yana da ita. Ban ɗauki maganarsa haka nan ba. Na san warin giya sarai, na sha jin sa a bakin mazan da ke zuwa tambayar matansu. Na zaga ɗakin ina buɗe hanci, ban ji komai ba sai zufa da warin takalmi. Suka kawo mini kujerar ƙarfe suka ajiye jikin bango, Abba ya ba ni wasu 'yan soso guda biyu ya ce in cusa a kunne.

Yara ne cike da ɗakin, ba su fi ɗari ba, yawancinsu Turawa, da baƙaƙe jefi-jefi, kowa cikin baƙar riga. Su Abba suka hau wani ɗan dandamali da bai kai gwiwata ba, biyu da jita, ɗaya da wata jitar mai kaurin murya, ɗaya a bayan ganguna, shi kuma riƙe da makirfo. Aka fara a hankali, har na ce a raina ashe abin ba wani abu ba ne. Sai kawai suka sake shi gaba ɗaya. Na ji kiɗan a haƙarƙarina kafin in ji shi a kunne, kujerar ma rawa take yi. Kafin in dawo hayyacina, tsakiyar ɗakin ya hargitse, samari suna ture juna, suna kai hannu sama da ƙasa, wani ƙato ya bangaji wani ɗan firit ya watsar da shi.

A garinmu babba ba ya zaune yara suna faɗa a gabansa. Ban yi shawara da kowa ba, na miƙe, na ɗaure mayafi a ƙugu, na kutsa cikinsu. Na cafki rigar ƙaton nan ta baya ina cewa, “Kai, ku bari. Ba ku da iyaye ne?” Da Hausa fa nake yi masa, ga soso a kunnena, ban ma san iya ƙarfin muryata ba. Wani da bai gan ni ba ya taho da baya ya buge ni, sai ga Gwaggo Mariya zaune daɓas a kan siminti, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri. Wannan ita ce rawar da ake ce muku na yi.

Ban kai ga jin zafin ba na ji hannuwa sun ɗaga ni cak. Yaran da nake zaton suna kashe juna su suka kewaye ni, suka buɗe fili, ɗan firit ɗin nan da na je ceto yana kaɗe mini zani, wani ya ɗaga takalmina sama yana neman mai shi. Ƙaton ya dafa ƙirji yana ta “Sorry, ma'am,” fuskarsa ta yi ja wur. Daga baya Abba ya gaya mini wasa ne, kuma ƙa'idarsu ce duk wanda ya faɗi a tsaya a ɗaga shi. Kunya ta rufe ni, na koma kujerata na zauna a gefe ɗaya na mazaunai.

Kiɗa ya tsaya. Abba ya kai makirfo baki zai yi magana, ni kuwa na san abin da zai faru. Ya nuna ni, ya fara da Turanci, sai kalma ta maƙale. Ya runtse ido, ya buga ƙafa, leɓensa yana rawa. Na cire soson kunnena ina jiran in ji wanda zai fara dariya, wallahi na shirya in sake tashi. Ba wanda ya yi. Ba wanda ya ƙarasa masa, ba wanda ya dubi agogo ko ya sunkuyar da kai don tausayi. Yaran nan da suka gama haukata ɗaki suka tsaya cik suna jira, mai ganga ya ɗora sandunansa a cinya. Aka daɗe. Da kalmar ta fito, ya ƙarasa zancensa a tsanake, suka juyo suna yi mini tafi. Abin da ya ce, kamar yadda ya fassara mini daga baya, shi ne, wannan gwaggona ce daga Nijar, ita ta fara riƙe ni a duniya, don Allah kada a sake kayar da ita.

Suka koma kiɗa, ni kuwa ban mayar da soson ba, na ƙulle shi a bakin mayafi. Na ce tun da ihu na zo ji, bari in ji shi da kunnen aikina. Ungozoma ta san ihu kala-kala. Akwai na tsoro, akwai na shagwaɓa wanda ake yi don uwar miji ta ji daga waje, akwai kuma wanda ke fitowa daga can ƙasan ciki in abu ya zo fita, wanda ba a iya ƙirƙirarsa. Na Abba na ukun ne. Yakan rera a hankali da wata murya mai sanyi da ban san yana da ita ba, sannan ya tanƙware ya saki ihun, yaran gaba suna kama makirfon tare da shi suna faɗin abin da yake faɗa. Ban ji Turancin ba, amma tun daga farko har ƙarshe ko sau ɗaya harshensa bai sarƙe ba. Na tuna ranar da na yi ta murza bayansa ina roƙon Allah ya buɗe bakin yaron nan. Hawaye suka zubo mini, na daɗi ne kuma. Da suka buga na ƙarshe ban san lokacin da na kama hanci na rangaɗa guɗa ba. Yaran suka ɗauki sowa, har wata yarinya ta zo tana roƙon in koya mata.

Da na fito rana ba ta ko yi sanyi ba. Na nufi mota, ba kowa a ciki. Can na hango Sani a gefen ginin, kusa da wata ƙaramar ƙofa da aka tokare da bulo saboda zafi. Yana ganina ya sunkuya yana duba tayar wata mota da ba tasa ba. Muka shiga mota. Sai da muka bar cikin gari ya yi gyaran murya.

“To, Yaya, me kika gani?”

“Ban ga giya ba, ban ga iskanci ba. Kiɗan bai yi mini daɗi ba, kaina ciwo yake yi, wandon nan kuma a gaya masa ya nemi wanda ya fi shi yalwa. In korarsa za ka yi, ka nemi wata shaidar, ba ni ba.”

“Mutane suna magana.”

“Za su ƙara, tun da yau har da ni a ciki.” Sai na faɗi abin da ke cina. “Sani, yaran can da ba su haɗa komai da shi ba sun tsaya sun jira shi ya gama magana. Kai da ka haife shi, yaushe rabon da ka bar shi ya kai ƙarshen jumla? Tun yana ƙarami kai kake ƙarasa masa, kuma ba abin da zai faɗa kake ƙarasawa ba, abin da kake so ka ji ne.”

Na ga hannunsa ya ƙanƙame sitiyari. Ya sauke ni a Glenwood ko sallama bai yi ba. Maganar ta yi masa zafi, ni ma ta yi mini, don ban taɓa gaya wa ƙanena magana mai nauyin wannan ba. Sati uku bai kira ni ba, in na kira sai Rabi ta ce ya fita. Labari kuwa ya riga ni isa ko'ina. Matan da ke zuwa barka sai su tambaye ni ya gajiyar rawa, wata Hajiya da muka saba ta daina amsa mini gaisuwa da sakin fuska har na bar garin. Ga ƙugu da ya yi wata guda yana tuna mini simintin nan duk sanda na yi ruku'u. Ban yi nadama ba, amma na damu, don wata ya ƙare ban san hukuncin da Sani ya yanke ba.

Kada ku zaci Abba ya zama wani shahararren mawaƙi. Bayan shekara biyu ƙungiyar ta watse, mai ganga ya yi aure, wani ya koma garinsu. Yau Abba yana da matarsa da 'ya'yansa da shagonsa na buga takardu, in'inarsa tana nan, duk Juma'a yana kirana, nakan ajiye abin da nake yi in saurare shi. Abin da nake so ku riƙe ya faru ne ranar da Zuwaira ta yi arba'in, ana saura kwana huɗu in tafi.

Rabi ta ce a yi 'yar walimar a gidansu, tun da ya fi fili. Na ce wa Abba ya zo, ya ce yana tsoro, na ce ya zo ya zauna kusa da ni. Ya zo da kaftani, ya gaida ubansa, Sani ya amsa a ciki-ciki bai dube shi ba. Da baƙi suka ragu muka zauna cin abinci mu kaɗai, ba ka jin komai sai ƙarar cokali. Can sai Abba ya ajiye nasa cokalin.

“Baba,” ya ce, “m… m…”

Ta maƙale. Ya runtse ido, ƙafarsa tana bugun ƙasa a ƙarƙashin tebur. Rabi ta daina tauna. Na ga bakin Sani ya buɗe kamar yadda ya saba, har ya ja numfashi. Sai ya rufe shi. Ya zuba wa farantinsa ido, ya haɗa hannuwansa biyu, ya jira. Ni dai salati nake yi a zuci. Ban san iya lokacin da aka ɗauka ba, miyar gabana dai ta huce.

“Motarka tana ɗigar da mai,” Abba ya ce. “Na gani a ƙasa da zan shigo.”

Sani ya ɗago ya dube shi, karo na farko a ranar.

“Na lura,” ya ce. “Gama cin abincinka, ka zo ka riƙe mini fitila mu duba.”